Francis O'Neill: Shugaban 'Yan Sandan Da Ya Ceci Kiɗan Gargajiyar Ƙasarsu

A cikin watan Janairu na shekarar 1936 ne Francis O'Neill ya rasu a birnin Shikago na ƙasar Amurka, yana da shekara 87 da haihuwa. Mutanen birnin sun san shi a matsayin tsohon shugaban 'yan sandansu, amma a ƙasar Ailan, inda aka haife shi, ana tunawa da shi ne saboda wani aiki dabam da ya ɗora wa kansa ba tare da kowa ya sa shi ba, watau tattara kiɗe-kiɗen gargajiyar ƙasarsu daga bakin 'yan ci-rani, ya rubuta su a littafi tun kafin su bi masu su zuwa kushewa.

An haifi marigayin ran 28 ga watan Agusta, 1848, a ƙauyen Tralibane da ke kusa da garin Bantry a lardin Cork. Wannan kuwa shi ne lokacin babbar yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, sa'ad da cuta ta lalata dankalin Turawa wanda shi ne abincin talakawa. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka da Ingila. A cikin waɗanda suka mutu ko suka tashi har da makaɗa masu yawa, ga shi kuma kiɗan nasu ba a rubuce yake ba, da ka ake koyonsa, ɗa ya ji daga uba, maƙwabci ya ji daga maƙwabci. Saboda haka duk ƙauyen da ya watse, kiɗansa ya watse ke nan.

Gidan su O'Neill gidan manoma ne masu rufin asiri, kuma masu son kiɗa. Tun yana yaro ya koyi busa sarewa a wurin wani manomi mai suna Timothy Downing. Allah ya hore masa kaifin kunne, har ya zamana in ya ji karin kiɗa ba ya sake ɓace masa.

Yawon duniya

Yana da shekara 16 ya bar gida ya shiga aikin jirgin ruwa a matsayin yaron jirgi. Ya yi shekaru yana zagaya duniya, har wata rana jirginsu mai suna Minnehaha ya farfashe a wani ɗan tsibiri da ake kira Baker a tsakiyar tekun Fasifik. A labarin da ya bayar daga baya, sarewa ce ta rufa masa asiri a cikin jirgin da ya cece su, domin wani ma'aikacin jirgin mai sha'awar busa ya riƙa raba abincinsa da shi don ya koya masa kiɗa, alhali kuwa abokan tafiyarsa suna fama da yunwa.

Da ya sauka a Amurka ya taɓa kiwon tumaki a Kalifoniya, ya kuma yi aikin koyarwa a garin Edina na jihar Misuri. A 1870 ya auri Anna Rogers, wadda ita ma 'yar Ailan ce da ya sadu da ita a cikin jirgi, suka zauna a Shikago.

A 1873 ya shiga aikin ɗan sanda. Kimanin wata guda da kama aiki wani ɓarawo ya harbe shi da bindiga, amma duk da haka sai da ya kama ɓarawon. Harsashin ya maƙale kusa da ƙashin bayansa, da shi kuma ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ya riƙa samun ƙarin girma mataki bayan mataki, ya zama kyaftin a 1894, sa'an nan a 1901 magajin garin Shikago, Carter Harrison, ya naɗa shi shugaban dukkan 'yan sandan birnin. Ya riƙe muƙamin har 1905. A zamaninsa ne aka yi mummunar gobarar gidan wasa na Iroquois a watan Disamba, 1903, wadda ta ci rayuka wajen 600.

Tattara kiɗa

Shikago ta wancan zamani cike take da 'yan Ailan daga kowane lardi, suna aiki a mahauta da layin dogo da wuraren gini. O'Neill ya lura cewa abin da ya watse a gida ya taru a nan wuri ɗaya, domin a unguwa guda mutum zai iya jin kiɗan lardunan da a can Ailan sai ya yi tafiyar kwanaki kafin ya ji su. Ya kuma lura cewa 'ya'yan da aka haifa a Amurka ba su damu da kiɗan iyayensu ba, wasu ma kunyarsa suke ji, suna ganinsa kamar alamar ƙauyanci da talauci.

Dabarar da ya yi ita ce, in ya sami labarin wani gwanin makaɗi ya iso birnin, sai ya nema masa aiki don ya zauna, sau da yawa a cikin rundunar 'yan sanda. A cikin rundunar akwai irin su Bernard Delaney da Saje James Early, gwanayen busa algaitar Ailan, wadda ake ba ta iska da ɗan zugazugi da ake matsawa da gwiwar hannu. Akwai kuma masu goge irin su John McFadden da Edward Cronin. Waɗannan da wasunsu su ne suka kafa ƙungiyar makaɗan Ailan ta Shikago, suna kiɗa a wuraren rawa da tarurrukan jama'arsu.

Sai dai kuma O'Neill bai ƙware wajen rubuta kiɗa da alamomin da Turawa ke rubuta shi da su ba. A nan ne ya dace da Saje James O'Neill, mutumin lardin Down, wanda suna kawai ya haɗa su ba dangantaka ba. A gidan sajen da ke unguwar Brighton Park ake taruwa bayan an tashi daga aiki. Makaɗi ya kaɗa ko ya busa, saje ya rubuta, sa'an nan ya maimaita da gogensa, sauran su saurara su gyara, har sai an yarda rubutun ya yi daidai da abin da kunne ya ji. Shugaban da kansa ya ba da ɗaruruwan kare-karen kiɗa da ya haddace tun yana yaro a Cork. Ya kuma yi amfani da na'urar ɗaukar murya ta Edison wajen ɗaukar busar shahararren mabushin nan Patsy Touhey.

A 1903 aka buga littafinsa na farko, O'Neill's Music of Ireland, mai ɗauke da kiɗa 1,850, adadin da babu wani littafin kiɗan Ailan da ya taɓa kaiwa kafinsa. A 1907 ya fitar da The Dance Music of Ireland mai kiɗan rawa 1,001, wanda ya karɓu ƙwarai har makaɗa suka daina faɗin sunansa, sai dai su ce littafin kawai, kowa ya gane wanda ake nufi. Ya ƙara da wasu littattafai biyu a kan tarihin kiɗan da makaɗansa a 1910 da 1913, da wani tarin kiɗa a 1922. Masana sun nuna cewa akwai kurakurai a rubutun, kuma wasu kiɗe-kiɗen asalinsu na Ingila ne ko Sikotilan, amma wannan bai hana littattafan zama madogara ba.

Baƙin cikin gida

Duk wannan aiki ya yi shi ne cikin jarrabawa mai tsanani. Shi da matarsa sun haifi 'ya'ya goma, amma mata huɗu ne kaɗai suka rayu. Ɗansa namiji na ƙarshe, Rogers, wanda ya iya goge kuma ake sa ran zai gaje shi, ya rasu a 1904 yana da shekara 18, sanadiyyar ciwon sanƙarau. Tun daga lokacin, saboda tausayin matarsa, aka daina kiɗa a gidan mutumin da ya fi kowa tara kiɗa.

Ƙungiyar makaɗan ma ba ta daɗe ba, saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yanta ta wargaje. A shekarunsa na ƙarshe O'Neill ya ɗebe tsammani, yana ganin kiɗan zai mutu duk da wahalar da ya sha. A 1931 ya ba Jami'ar Notre Dame kyautar littattafan da ya tara.

Amma abin da ya ji tsoro bai faru ba. Tun daga wajen 1920 makaɗan Ailan da ke Niyok da Boston, irin su mai goge Michael Coleman da ƙungiyar Flanagan Brothers, suka shiga yin faifan garmaho, fayafayan kuma suka riƙa komawa Ailan tare da littattafan O'Neill. Da farfaɗowar kiɗan ta zo bayan 1950, matasa suka tarar da abin koyo a ajiye. An binne marigayin a maƙabartar Mount Olivet da ke Shikago, a ƙauyensu na Tralibane kuwa an kafa masa mutum-mutumi yana riƙe da sarewa.