Taƙaitaccen Tarihin Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Taurari da Lissafi

Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, amma kaɗan ne suka san cewa ƙasar Hausa ta taɓa fitar da malamin da masanan Misira suka durƙusa gabansa don ɗaukar karatu. Wannan malami shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira Al-Kishnawi.

Karatunsa

Bafulatani ne mutumin ƙasar Katsina. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu wanda ya koya masa hisabi da ilimin haruffa da hatimi. A wajajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira.

Rubuce-rubucensa

A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai. Hatimi dai zane ne da ake jera alƙaluma a gidajensa yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai. Alal misali, a mai gida tara, idan aka jera 1 zuwa 9 bisa ƙa'ida, kowane layi zai ba da 15, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Har yau masana tarihin lissafi suna nazarin waɗannan ƙa'idoji nasa.

Littafinsa na taurari shi ne Durrul Manzum, wanda ya fara a Makka ya ƙarasa a Alƙahira, ya kuma gina shi a kan wani aiki na Fakhruddin Ar-Razi. A zamaninsa lissafin tafiyar taurari da duba tasirinsu a kan mutane tafe suke tare. Kimiyyar yau, mai binciken irin taurarin niyutiron da aka fara ganowa a 1967, ta riƙe lissafin ta ajiye duban.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne, malamin ya rubuta littafin nahawu mai suna Bulugul Arab, da na manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus. Ke nan a wurinsa harshe da lissafi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Rasuwarsa

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki wanda ya yi karatu a wurinsa, kuma shi ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan Shehu, Abdurrahman Al-Jabarti, shi ya adana tarihinsa a littafin Aja'ibul Asar. Yawancin abin da muka sani game da rayuwarsa daga alƙalamin wannan Bamisire ya fito. Saboda haka ƙalubale ne gare mu ɗaliban Hausa mu ƙware a Larabci da Ajami, mu nemo rubuce-rubucen magabata mu fassara su. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.