Walter Noel, Baƙon da Aka Fara Ganin Sikila a Jininsa

Shafinmu na tarihi a wannan Juma'a ya ɗauko labarin wani saurayi da ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa da mu. Amma ciwon da ya yi fama da shi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Da wuya ka zaga unguwa a Sunkani ko Jalingo ba ka samu gidan da ke da yaro mai amosanin jini ba, wato sikila. Wannan saurayi, Walter Clement Noel, shi ne mutum na farko da likitoci suka rubuta bayanin jininsa game da wannan ciwo.

An haifi Noel a 1884 a Grenada, wani ƙaramin tsibiri a tekun Karibiyan wanda a lokacin yake hannun Turawan Ingila. Baƙar fata ne, jikan mutanen da aka kwashe daga Afirka zamanin cinikin bayi. Gidansu suna da rufin asiri, masu gona ne a arewacin tsibirin, don haka suka tura shi karatu tsibirin Barbados. Tun yana yaro ba shi da cikakkiyar lafiya, ga yawan gyambo a ƙafa, ga saurin gajiya. Duk da haka ya sa a ransa sai ya zama likitan haƙori.

A watan Satumba na 1904 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka. Kafin su sauka a New York wani gyambo ya buɗe masa a idon sawu, sai da likita ya sa masa magani sannan ya wuce Shikago, inda makarantar koyon aikin haƙori take. Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya san halin baƙunta. To, shi ga baƙunta, ga wariyar launin fata ta Amurkan wancan zamani, ga kuma sanyin da bai taɓa gani ba. Sanyin Shikago ya sa hunturunmu ya zama wasan yara, kuma iyayen mai sikila sun san abin da sanyi ke yi wa ɗansu.

A ƙarshen Disamba aka kwantar da shi a asibitin Presbyterian da tari da zazzaɓi da ƙarancin numfashi. Idanunsa sun yi ɗorawa, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Wani matashin likita mai suna Ernest Irons ya ɗebi ɗigon jininsa ya duba a madubin likita. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne kamar faifai. Na Noel kuwa da yawa sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Irons ya zana su a takarda ya kai wa maigidansa, Dakta James Herrick. Shekara biyu da rabi suna duba shi duk lokacin da ciwon gaɓoɓi ya kayar da shi, ba su gano dalili ba. A 1910 Herrick ya buga bayanin a wata mujallar likitoci, ba tare da sunan maras lafiyar ba.

Shi kuwa Noel bai bar karatu ba. Ya kwanta, ya tashi, ya koma aji, har ya kammala a 1907 ya koma gida. Ya buɗe wurin aikinsa a St. George's, babban birnin Grenada, yana cin gashin kansa wajen shekara tara. A watan Mayu na 1916 ciwon ƙirji ya yi ajalinsa, bai wuce shekara 32 ba, aka binne shi a garin Sauteurs. Ya rasu ciwonsa ba shi da ko suna, domin sai a 1922 aka raɗa masa sunan da ke nufin lauje, wanda mu muka mayar sikila. Sunan Noel kansa ya ɓace, sai a 1989 wani masanin tarihi, Todd Savitt, ya bi tsofaffin takardu ya bayyana ko wane ne.

To, me ya lanƙwasa jininsa? Amsar ta zo bayan mutuwarsa, daki-daki. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa matsalar tana cikin sinadarin da ke ba jini launin ja, wanda yake ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya nuna cewa bambancin ƙanƙane ne: a cikin wata sarƙa mai gaɓa 146, gaɓa ta shida kaɗai ce ta sauya. Idan iska ta yi ƙaranci, sai sinadarin ya manne wa juna, ƙwayar ta sandare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Shi ne ciwon ƙashin nan da ke sa yaro kuka cikin dare. Kuma ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jini ba ya isa.

Asalin sauyin yana cikin abin da ake kira DNA. Ku ɗauke shi kamar littafin ajiyar ɗan kasuwa, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, an rubuta shi da haruffa iri huɗu kacal, amma yawansu ya kai biliyan uku. Rubutun layi biyu ne masu fuskantar juna, kowane layi shaidar ɗan'uwansa ne. Kullum wannan littafi yana samun lahani, sau dubbai a rana a ƙwaya guda: zafin rana, hayaƙin taba, gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, har ma aikin jiki na yau da kullum. Sannan duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe littafin gaba ɗaya, mai kwafa kuwa yakan yi tuntuɓe.

Cikin ikon Allah jiki yana da masu gyara da ba sa barci. Wasu suna cire harafi ɗaya da ya lalace, wasu suna yanke guntun layi sukutum inda rana ta ƙona, wasu suna bin bayan mai kwafa suna duba inda layi biyu suka saɓa. Sai su dubi layi mai kyau su cike gurbin. Masana uku da suka yi bayanin wannan aiki, Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar ɗan Turkiyya, sun samu kyautar Nobel a 2015.

Amma jefi-jefi kuskure yakan tsallake. Idan ya tsallake har aka sake kwafa, layi biyun sun dace da juna ke nan, masu gyara ba za su ƙara ganin laifi a wurin ba. Idan a ƙwayoyin jiki abin ya faru, mafi yawa ba ya komai, wani lokaci kuma taruwar irinsa kan kai ga ciwon daji. Idan kuwa a ƙwayar haihuwa ne, sai ya zama gado. Haka harafin sikila ya sauya a jikin wani kakanmu a Afirka dubban shekaru da suka wuce, ya biyo zuriya, har ya tsallaka teku cikin jiragen bayi ya isa ga Noel. Ba maita ba ce, ba sammu ba, ba kuma laifin uwa ba.

Me ya sa bai ƙare ba, sai ma ya yawaita? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna dalili. Kowa yana da littafin nan kofi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, wato AS, lafiyarsa ƙalau, kuma yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana ƙarami. Wanda ya gada daga duka biyu, SS, shi ne mai ciwon. A ƙasar da sauro ya yi yawa, irin fadamunmu na Binuwai, masu AS sun fi tsira, sai harafin ya zama ɗaya daga cikin bambance-bambancen da aka saba gani tsakanin mutane. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Kun ga ba abin kunya ba ne, garkuwa ce da ta raya kakanninmu.

An ga wannan a ƙasar Hausa ma. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Kano a lokacin, yanzu Jigawa. An samu kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma kaɗan ƙwarai daga cikinsu suka kai shekara 10. Yaran suna tafiya ba a ma san abin da ya ɗauke su ba.

Tunda masu gyaran jiki ba sa ganin wannan harafi, saura namu ƙoƙarin. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, jama'a, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya jera uku. Akwai kuma AC, wanda in ya haɗu da AS yakan kawo nau'in SC. Gwajin jinotayif daban yake da na rukunin jini, ana yin sa a manyan asibitocin Jalingo, kuma Jihar Kano ta mayar da shi doka kafin aure a 2024. A yi shi tun ana neman aure, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kada sai an raba goro zukata sun shaƙu. Kuma sakamakon sirri ne, kada a mai da 'yar mutane abin zance a kasuwa.

Gidan da ke da mai sikila kuma, kada a yanke ƙauna. Noel ya yi karatu ya riƙe sana'a a zamanin da babu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yau akwai gidan sauro, da rigakafi, da magungunan da likita ke rubutawa masu rage tashin ciwon. A ba yaro ruwa da yawa, a rufe shi lokacin hunturu, kada a bar shi cikin ruwan sama, in zazzaɓi ya zo a garzaya asibiti ba sai gobe ba. A sa shi makaranta kamar kowa, a koya masa kasuwa daidai ƙarfinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyaye masu jinya da alheri. Sai Juma'a mai zuwa.

Sakataren Masallaci