Babban Gwani, Maginin Zazzau

Kowane yaro a Birnin Zariya ya san Masallacin Juma'a da ke kusa da ƙofar fada, amma ba kowa ya san wanda ya gina shi ba. Sunan mutumin nan Muhammadu Durugu, waɗansu kuwa suna kiransa Malam Mika'ilu. Saboda gwanintarsa aka yi masa laƙabi da Babban Gwani.

Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A cikin sarautarsa ne aka ba Babban Gwani aikin masallacin. A lokacin nan babu siminti, babu ƙarfe. Abin da ya ke da shi jar ƙasa ce, da tubali, da azarar giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi. Ba ya zana gini a takarda, a ransa ya ke riƙe da shi duka.

Ya ta da manyan ginshiƙai. Daga jikinsu ya riƙa jera azara, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta, ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har suka haɗu a sama. Wannan shi magina ke kira bakan gizo. A kansa tulluwan rufi suka zauna. Sa'an nan ya yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi. Wanda duk ya shiga sai ya ɗaga kai yana al'ajabi.

Sunansa ya kai nesa. Har yanzu a fadar Bauci akwai soron da a ke kira da sunansa. Tsofaffi kuma suna ba da labari cewa wani Sarkin Birnin Gwari ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi.

Da siminti ya zo, mutane suka fara raina ginin ƙasa. Amma masana ba su raina shi ba. Wani masanin gini mutumin ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya auna masallacin, ya zana shi a takarda, daga baya aka gina irinsa a gidan tarihi na Jos. A cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini ya lulluɓe tsohon masallacin, aka bar ginshiƙai da bakan gizon Babban Gwani a ciki.

To, yara, in kun je sallar Juma'a ku ɗaga kai ku duba. In kuma kun ga magini da laka a hannu, ku gaishe shi da ladabi, gama sana'ar Babban Gwani ya ke yi.