Malam Muhammadu al-Katsinawi, Gwanin Lissafi

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta ƙarato, za ka ji 'ya'yanmu suna kuka da lissafi, kai ka ce baƙon ilmi ne da Turawa suka zo da shi. Alhali kuwa tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa da fiye da shekara 150, Katsina ta fitar da masanin lissafin da Masar ta san da zamansa.

Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagirmi. Ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira.

Ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, a kan abin da muke kira hatimi. Mafi sauƙinsa mai gida tara ne: a zuba lambobi 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Dalili kuwa, jimillarsu 45 ce, an raba ta layi uku, kuma tilas 5 ta zauna a tsakiya. Malam ya bayyana hanyoyin gina manyansu, masu gida 25 da 49. Gaskiya ne a zamaninsa ana haɗa fannin da ilmin taurari da asirai, amma lissafin da ke ciki tsantsa ne.

Allah ya yi masa rasuwa a 1741 a gidan amininsa Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman masanin tarihi, shi ya rubuta labarinsa.