Taslim Olawale Elias

Taslim Olawale Elias (11 ga Nuwamba, 1914 – 14 ga Agusta, 1991) masanin shari'a ne ɗan Najeriya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Kotun Duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holan.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Legas. Ya yi aiki a hukumar jiragen ƙasa kafin ya tafi Ingila karatun shari'a a Jami'ar Landan. Ya zama lauya a 1947, ya sami digirin digirgir a 1949.

Aiki a Najeriya

A 1960 ya zama Antoni Janar kuma ministan shari'a na farko bayan samun 'yancin kai. Ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sauke shi a 1975. Cikin shekarar aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya, ya kama aiki a 1976, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985.

Shari'ar iyakar teku

Elias ya jagoranci shari'ar iyakar ƙarƙashin teku tsakanin Libiya da tsibirin Malta a Bahar Rum, yankin da ake sa ran samun man fetur. Malta ta nemi a ja layi daidai tsakiyar ruwan da ya raba su. Libiya kuwa ta ce a bi yanayin ƙasan tekun, abin da zai ba ta kaso mafi tsoka.

A ranar 3 ga Yuni, 1985, alƙalai 14 suka amince da hukuncin, 3 suka ƙi. Kotun ta ce matuƙar wuri bai wuce mil 200 daga gaɓa ba, nisa ake dubawa, ba yanayin ƙasan teku ba. Sai ta ja layin tsakiya, sannan ta matsar da shi kimanin mil 18 zuwa wajen Malta, domin gaɓar Libiya ta fi tata tsawo nesa ba kusa ba. Wannan hanya ta zama madogara a shari'o'in iyakar teku da suka biyo baya.

Rasuwa

Ya rasu a Legas a 1991, yana riƙe da kujerarsa ta alƙali a kotun.