Walter Gowans, saurayin da ya rasu a Girku kafin aikinsa ya iso Galmi

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibitin Galmi daga Madawa, Buza ko Keita ya ji sunan mishan ɗin SIM. Yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya fara wannan tafiya, wanda bai ga ko tubali ɗaya na aikin ba.

Walter Gowans asalinsa ɗan Sikotilan ne, ya zauna da iyayensa a Toronto ta ƙasar Kanada. Burinsa shi ne ya kawo bishara ƙasar Hausa da maƙwabtanta, yankin da Turawan wancan zamani ke kira Sudan. Ƙungiyoyin mishan da ya nemi taimakonsu sun ƙi, don a ganinsu tafiyar kasada ce. Mahaifiyarsa Margaret ce ta shawo kan wani saurayi, Rowland Bingham, ya bi shi. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, ɗan Amurka.

Sun sauka Legas cikin watan Disamba na 1893, ba su da wani jari na kirki. Nan aka gargaɗe su cewa ba za su kai inda suka nufa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai ya tsaya Legas yana aika musu kaya, sauran biyun suka yi arewa. A hanya Gowans ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, aka ƙwace kayansa. Da aka sake shi ya ƙarasa Zariya, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a garin Girku cikin watan Nuwamba na 1894, bai cika shekara 30 ba. Kent ma ya rasu a Bida cikin wannan shekara.

Ga ɗan kasuwa wannan asara ce tsantsa: jari ya tafi, uban tafiya ya tafi. Amma a koyarwar Kirista, bin Almasihu ya haɗa da ɗaukar gicciye, watau yarda da wahala, har da mutuwa, saboda biyayya. Da labarin ya isa ga mahaifiyarsa, ta nuna ta gwammace ɗanta ya mutu can shi kaɗai a kan aikin da aka kira shi, da ya zauna gida lafiya cikin rashin biyayya ga Ubangijinsa.

Bingham ya koma Kanada. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 mutanensa suka kafa mazauni a Pategi, ƙasar Nufe. Daga nan mishan ɗin ya iso Damagaram a 1924, aka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, shekara 56 bayan rasuwar Gowans. A garin nan da muke sayen albasa, Musulmi da Kirista duka sun sami magani ta dalilin tafiyar da ta ci ransa.