Az-Zahrawi, likitan da ya ƙirƙiro kayan aikinsa

'Yan uwa, a wannan Juma'ar za mu tuna da Abul Ƙasim Az-Zahrawi. An haife shi wajen shekarar 936 kusa da Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau, ya rasu wajen 1013.

Likitan fiɗa ne, ya yi aiki a fadar Halifa Al-Hakam na biyu. In kayan aikin da ke hannu ba su biya masa bukata ba, sai ya ƙirƙiro nasa. A littafinsa At-Tasrif mai kashi 30, ya zana kayan tiyata kusan 200, yadda maƙeri zai duba ya ƙera. Cikinsu akwai mahujin ƙashin kai mai ɗan tudu kusa da tsininsa, don kada ya zarce ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ya yi rubutu kan jariran da ruwa ke taruwa a kansu har ya kumbura. Ya bayyana yadda ake tsagawa a fitar da ruwan, amma bai ɓoye ba cewa waɗanda ya gani ba su rayu ba. Yau likitoci kan sa siririn bututu da ke janye ruwan zuwa ciki, kuma yara da yawa suna tashi lafiya.

To jama'a, in muka ga kan jariri na girma fiye da ƙima, kar mu tsaya cewa iska ce. Mu garzaya da shi asibitin koyarwa tun da wuri.

Allah ya jiƙan Az-Zahrawi, amin.